Kafin ka ɗaure 'yan kyanwa a buhu ka kai bola

Salamu alaikum jama'armu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago a nan Legas. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, aikina yafi yawa a kan shanu da awaki ta wajen Oko-Oba, amma yau maganar kyanwa da kare zan yi, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanaki da asuba ina hanyar masallaci naji wani kuka siriri a bakin gota. Buhun shinkafa ne an ɗaure bakinsa da igiya, ciki 'yan kyanwa biyar ko ido basu buɗe ba, wato basu kai kwana goma ba kenan, biyu har sun sandare. Na kai ukun gida muka dinga basu madara da sirinji dare da rana ni da yara, ɗaya ce kawai ta rayu. Wanda ya yar dasu na tabbata ba mugu bane, kyanwarsa ce ta ishe shi da haihuwa ga mai gida yana ta mita, sai ya zaɓi abin da yafi sauƙi.

Na kare kuma ya fi ciwo. Wani ɗan uwanmu mai gadi a can Lekki, ogansa ya tattara iyali suka bar ƙasar, ya bar masa ƙaton kare da alkawarin zai dinga turo kuɗin abinci. Wata biyu aka turo aka yi shiru. Bawan Allah yana raba garinsa da karen har ya gaza, ya zo yana cewa "Malam a taimaka a yi masa allurar nan ya huta, ni dai na kasa." Karen nan lafiyarsa ƙalau fa, yana kaɗa min jela. Allurar hutu an yi ta ne don dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta babu magani, ba don wadda aka gaji da ciyarwa ba. Sai da muka yi sati uku muna cigiya kafin wani mai gonar kaji ta wajen Ikorodu ya karɓe shi.

Tushen abin haihuwa ne. Kyanwa tun tana wata biyar ko shida take iya ɗaukar ciki, cikin nata wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma a shekara sai ta haihu sau biyu ko uku, kowanne huɗu biyar. Karya ma kusan sau biyu a shekara. To ina gidajen da za su ɗauke su duka a garin da mutane ma ɗaki ɗaya suke raba wa? Shi yasa barbaɗa guba a abinci baya kawo ƙarshen komai, ka kashe na layin yau, in dai bolar na nan da ragowar abinci wasu ne za su zo su cike gurbin, ga haɗarin yaro ko akuyar maƙwabci ta ci.

Amurka ma sun sha wannan. A shekarun 1970 sama da miliyan goma na karnuka da kyanwoyi ake kashewa duk shekara a gidajen ajiye dabbobi, yanzu ya dawo ƙasa da miliyan ɗaya. Ba wani siddabaru suka yi ba, fiɗiya suka sauƙaƙa wa mutane, suka sa rajista, suka koya wa jama'a karɓar wanda aka yar maimakon sayen sabo.

Fiɗiya ai ba baƙon abu bane a wajenmu, muna yi wa bunsuru da sa. Muzuru da kare aikin 'yan mintoci ne bayan an sa musu allurar barci, na mace ne ake buɗe ciki a cire mahaifa, kwana goma zuwa sati biyu ta warke. Amma don Allah likitan dabbobi za a kai wa, kar wani ya ɗauki reza a gida. Wanda zuciyarsa bata natsu ba ta fuskar addini ya tambayi malaminsa, ya kuma tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa da takalminsa. Ba sai kana son kare a gidanka ba kafin ka ƙi zaluntarsa.

Sai ciwon haukan kare, wanda shi ne yake sa a far wa duk karen da aka gani da duwatsu. Yana kashe mutane wajen 59,000 a duniya duk shekara, da yawansu yara, kuma in alamu suka bayyana kusan babu mai tashi. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan unguwa rigakafi yaɗuwar tana yankewa. In kare ya ciji yaro ko kyanwa ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar, kar a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Abin da nake roƙon Sarakunan Hausawa da limamai da 'yan CDA, wato ƙungiyoyin ci gaban unguwanninmu, mu je wajen kansila da shugaban ƙaramar hukuma da buƙata a rubuce. A ware rana a kawo likitoci filin makaranta a yi rigakafi da fiɗiya cikin rahusa, a rubuta sunan duk mai kare da lambar gidansa yadda in ya yar za a san nasa ne, a sa tara a kan yarwa da zuba guba, masu kiwon karnuka na sayarwa suma a san dasu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, in muka kai takardar tun yanzu za a iya saka ranar tamu ta dace da ita. Kafin nan duk wanda kyanwarsa ta haihu ya bar su da uwarsu su kai wata biyu, ya yi cigiya a masallaci da wajen masu shagunan hatsi da ɓera ya addaba, in an rabar dasu ya kawo uwar a yi mata aiki.