Ku daina cewa "zai saki": ku auna ƙafar Baba kafin ku saya masa takalmi

Duk shekara, da an yi sati biyu da Sallah, mun san abin da zai fara shigo mana a ƙaramin asibitinmu. Ban da masu ciwon ciki saboda nama, ƙafafu ne. Dattijo zai zo yana ɗingishi, an naɗe masa yatsa da tsumma. Mu kwance tsumman mu tarar ƙaramin yatsa ya yi ruwa, ko bayan diddige ya saluɓe, wani lokaci har ya fara wari. In aka tambaya, amsar ba ta canzawa: "Sabon takalmi ne yaro ya aiko min daga birni. Ya ɗan kama ni, na ce zai saki."

Haka muke gani bayan dawowar alhazai, haka lokacin bukukuwan kaka. Na faɗa a ɗakin jiran magani, na faɗa ranar awo, na faɗa a wurin suna, har wasu sun fara yi min laƙabi da mai takalmi. To yau na rubuta, tunda ku 'ya'yan da ke yin sayayyar kuna riƙe da waya, ku ne kuma maganar ta fi shafa.

Ba na zargin niyyar kowa. Wanda ya tara kuɗinsa na leburanci a Abuja ko Legas ya saya wa mahaifinsa sau-ciki mai ƙyalli, Allah Ya yi masa albarka. Amma yaya aka yi sayen? An kira gida a waya: "Baba, lamba nawa kake sawa?" Baba ya ce 42, domin 42 ya sani tun yana saurayi. Babu wanda ya duba ƙafar. Takalmi ya iso a leda, ya matse, Baba kuma ba zai ce wa ɗansa tsarabarsa ta yi kaɗan ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya cusa ƙafa a ciki ranar idi, ya taka tun daga gida har filin idi a bayan gari, ya dawo, ya zaga gaisuwa gidan dagaci da gidajen surukai, rana na dukan roba, ƙafa na kumbura a ciki. Da dare a cire takalmi a ga bororo. A ce ba komai.

Ga mai lafiya, wataƙila ba komai ɗin ne, kwana kaɗan ya warke. Ga mai ciwon suga kuwa, daga nan ake fara lissafin watanni. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Ba sai na yi dogon bayani ba, ku dai ku riƙe wannan: ƙafar mai suga ba ta kai ƙara. Takalmi zai yi ta cinta shi bai sani ba.

Akwai ɗan gwajin da muke yi. Mu ce wa dattijo ya rufe ido, mu taɓa kan yatsun ƙafarsa da yatsanmu a hankali, babban yatsa, na tsakiya, ƙarami, mu ce duk inda ya ji ya ce "na ji". Sau da yawa sai na gama taɓa ƙafa biyu duka, in ɗago, shi kuma ido a rufe yana jira, ya ce: "Likita, ka fara?" Ɗan da ya kawo shi yana tsaye yana kallo. Irin wannan mutumin kuke ce wa ya daure takalmi zai saki. Da me zai san ya saki ko bai saki ba? Haka masu fama da larurar kuturta, su ma ƙafarsu ba ta ji, maganar nan tasu ce.

Kuma bari in gaya muku gaskiya a kan sakin nan. Takalmin roba ba ya saki. Na ledar da ake yi wa fenti ta yi kama da fata, wanda ya cika kasuwa yanzu, shi ma ba ya saki, sai dai ya tsage. Fata ta gaske tana ɗan buɗewa ta gefe, amma tsawo ba ya ƙaruwa ko kaɗan, kuma kafin ta buɗe ɗin ƙafa ce ke biya. Mai shago ne ke cewa zai saki, domin lambar da ta rage masa ke nan kuma yana son ya sayar. Shi ba zai zo ya taya ku jinya ba.

Kwanakin baya wani matashi da ke karatu a Dutse ya nuna min bidiyon wata na'ura a wayarsa, yana tambaya ko za a kawo mana irinta. Na'ura ce da ake ajiyewa a manyan shagunan takalma na Turai da Amurka, faranti a ƙasa da kyamarori kewaye da shi. Mutum ya cire takalmi ya hau, cikin daƙiƙu kaɗan ta zana ƙafarsa gaba ɗaya a kwamfuta, tsawo, faɗi, tudun saman ƙafa, lanƙwasar tafin, sannan ta nuna takalman da za su dace da shi. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Volumental na cikin masu ƙera ta. A 2019 kamfanin Nike ma ya fito da tsarin auna ƙafa da kyamarar waya. Tun kafin su duka, a shekarun 1920, wani Ba'amurke, Charles Brannock, ya ƙera ma'aunin ƙarfe mai nuna tsawo da faɗin ƙafa, har yau ana aiki da shi a shaguna.

Na ce masa ni ba na'urar ce ta dame ni ba, abin da ta gano ne. A 2019 ɗin dai aka wallafa wani bincike a kan awon ƙafa miliyan 1.2 da irin wannan na'ura ta ɗauka a Arewacin Amurka da Turai da Asiya, aka ga mutanen da tsawon ƙafarsu ɗaya ne sun bambanta ƙwarai a faɗi. Ku lura, babu Afirka a lissafin. Mu kuwa nan, manomin da ya tashi yana yawo ba takalmi, ya yi shekara da shekaru yana taka kunya a gona, ƙafarsa faffaɗa ce, yatsu a baje. Sai a ɗauko masa takalmi mai tsinin baki da aka yi don ma'aikacin banki, a ce ai lambarsa ce.

Lambar nan da muke kira a kasuwa, 40, 41, 42, lissafin Turai ne, kuma tsawo kawai take nunawa, ba ruwanta da faɗi. Tsakanin lamba da lamba bai kai milimita 7 ba, sai an haɗa lamba uku ake samun santimita 2. Ingila da nata lissafin, Amurka da nata, shi ya sa in ka leƙa cikin takalmin gwanjo za ka ga lambobi uku ko huɗu a rubuce. Kuma 42 na wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 42 na wancan ba. Ƙafar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: tsufa na baje ta, ƙiba na baje ta, haihuwa na ƙara wa mata ƙafa, ta dama da ta hagu ma sau da yawa ba ɗaya ba ne. Hula da ba ta taka ƙasa sai mun gwada biyar a kasuwa kafin mu ɗauki ɗaya, amma takalmin da zai ɗauki nauyin mutum wuni guda sai mu saye shi da ka, ta waya.

Iyayenmu sun fi mu hankali a nan. Ranar kasuwa sai a karya kara daidai ƙafar yaro a sa a aljihu. Matsalar kara ita ce tsawo kaɗai yake ɗauka. Abin da nake roƙonku ku yi ya fi kara, kuma ba ya cin ko sisi: kwali da biro.

Ku sami kwalin taliya ko na sabulu, ku shimfiɗa a daɓe mai kyau, ba kan yashi ba. Baba ya taka a tsaye, nauyinsa duka a kan ƙafar, domin ƙafar mai zaune ƙarama ce. A yi da yamma bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na wuni. In da safa zai riƙa sawa, ya sa safar. Jika ya durƙusa ya zagaye ƙafar da biro, biron a miƙe, kada a karkata shi ya shige ƙarƙashi. A zana duka biyun. A gaban yatsan da ya fi tsawo, wanda ba kullum ne babban yatsa ba, a ƙara kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita 1 zuwa 2. A yanke da almakashi. Wanda ya fi girma a cikin biyun, shi za a tafi da shi kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko a ba direba ya kai wa yaro birni.

A gaban mai takalmi, a zura kwalin a ciki. In ya kwanta lafiya lau, to. In gefensa ya naɗe ko bakinsa ya lanƙwashe, abin da zai sami ƙafar ke nan, a ajiye a nemi wani. Kada ku ji kunyar mai shago, kada ku saurari "zai saki". In ƙafar tana da ƙari a gefen babban yatsa ko yatsu sun hau juna, ku bar na kanti, ku kai wa baduku kwalin ya ɗinka daidai, da fata mai laushi da baki mai faɗi. Masu wannan sana'a suna nan a garuruwanmu, a Kano kuma Ƙofar Wambai cike take da su. Mafi kyau dai shi ne mai ƙafa ya je da ƙafarsa, ya sa duka biyun, ya taka ya je ya dawo. Kwali na wanda ba zai iya zuwa ba ne.

Na san abin da wasu za su ce: to Baba ya koma silifas ɗinsa mana, ai ba ya matsewa. A'a. Silifas mai igiya tsakanin yatsu yana yanka, ƙasansa siriri ne ƙaya na huda shi, diddige kuma a waje, hunturu na zuwa faso ya buɗe. Yawo ba takalmi ya fi muni. Mai suga takalmi rufaffe yake buƙata, amma wanda ya ishe shi.

Mata, ban manta da ku ba. Takalman lefe da dangin ango ke saye ba su taɓa ganin ƙafar amarya ba, ita kuma ta daure ta sa don kada a ce ta raina. Inna ma haka, a kawo mata mai tsini daga Makka ta ce tubarraki ne ba za ta bayar ba. Inna, ki ba jikarki, ladan na nan. Yara kuwa akasin haka ake musu, a sayi wanda ya fi su da lamba uku wai su girma su same shi, yaro ya yi ta jan ƙafa yana tuntuɓe a hanyar makaranta, ya dunƙule yatsu don kada ya fice. Ko kuma a bar shi da na bara yana cusa ƙafa, farce ya shige nama. Ku riƙa duba takalmin yaro duk bayan 'yan watanni, shi ma kwalin nan ya ishe shi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da ke biyo bayan bororon. A fasa da ƙaya ko reza. A barbaɗa toka, ko a buɗe kafso a zuba garin, wani ma har man birki. A naɗe da tsumma, gobe a sake cusa ƙafar cikin takalmin da ya jawo abin, domin dai zai saki. Sai ya zama gyambo, sai yatsa ya yi baƙi, sannan a ɗauko shi a mashin a kawo mana. A lokacin ba abin da za mu iya sai takardar tura shi babban asibiti a Dutse ko Kano, a sayar da akuya, a sayar da buhunan gero, wani lokaci a dawo ba yatsa, wani lokaci ba ƙafa. Wallahi ba na jin daɗin rubuta takardar nan. Dattijon da ya noma abin da ya ciyar da ku, a ce takalmin Sallah ne ya zaunar da shi.

Masu jira sun taru a waje, ga sauran a gurguje:

- Sabon takalmi, awa ɗaya ko biyu a ranar farko, a cikin gida. A cire a duba. In an ga ja ko shatin takalmi a fata, bai dace ba. Kada ranar idi ta zama ranar fara sa shi.
- Kafin a sa takalmi kullum, a kaɗe shi, a zura hannu. Tsakuwa, ƙusa, ɗinkin da ya tashi, kunama.
- Safa mai tsabta, marar matsewa, marar ƙulli.
- Kowane dare wani ya haska tocila ya duba ƙafar mai suga, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Shi idonsa ba ya gani sosai, ku ba jika wannan aikin.
- A wanke, a goge tsakanin yatsu, a shafa mai a diddige, ban da tsakanin yatsu.
- Ban da yanke kantar ƙafa da reza, ban da gasa ƙafa a garwashi lokacin sanyi.
- Bororo, yanka, kumburi, zafi ko canjin launi a ƙafar mai suga, a kawo shi a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Ku zo da takalmin ma, ina so in duba cikinsa.