Me ake nufi da "yanka" a wasan ƙwallo?

Tun da gajerun bidiyoyin ƙwallo suka cika wayoyi, kalmar "yanka" ta zama ruwan dare a Bauchi. A gidan kallo, a majalisa, har a bakin wasu masu sharhi ranar da Wikki Tourists ke wasa a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ɗan wasa ya kewaya ƙafa a kan ƙwallo sau biyu sai ihu ya tashi: ya yanke shi! In ka duba da kyau, mai tsaron bayan yana nan daram a gabansa, ko gezau bai yi ba, ƙarshenta ma baya aka mayar da ƙwallon. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yara suna ji, kuma abin da suka ji ana yi wa tafi shi suke koyo.

Bahaushe bai ɗauko kalmar nan a banza ba. Abin da aka yanke an raba shi da jikinsa ke nan. Idan ka yanke ɗan wasa, ka cire shi daga wasan na ɗan lokaci: yana bayanka, ƙwallo tana ƙafarka, fuskarka tana kallon raga. Muddin yana tsakaninka da ragar, ba a yi yanka ba tukuna, ado aka yi, komai kyansa.

Ku tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, wasan da Najeriya ta ci 2-0. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya cilla doguwar ƙwallo ta ɓangaren hagu. Musa bai tsaya rawar ƙafa ba. Ya tura ƙwallon gaba, ya buɗe wuta, ya bar Arnason, mai tsaron bayan Iceland, a baya, ya karyo ciki. Gola ya fito. A nan ne mafi yawan 'yan wasa za su rufe ido su buga, amma shi ya ƙara taɓa ta gefe sau ɗaya, golan ya zube, sannan ya ɗaga kai ya ga masu tsaron baya sun koma bakin raga, ya zaɓi inda zai sa ta. Mutum biyu ya yanke a gudu ɗaya, kuma babu inda ya kewaya ƙafa a kan ƙwallo. Sauya gudu ne, da sauya hanya, da sanin lokacin da abokin karawa ya riga ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya ba zai iya juyowa ba. Masu kawo Okocha a matsayin hujjar rawar ƙafa su sake kallon abin da ya yi wa gola Oliver Kahn a 1993, lokacin Okocha yana Eintracht Frankfurt: ya yi ta kai shi hagu da dama, gaskiya ne, amma a raga ƙwallon ta kwana.

Illar ruɗanin tana bayyana a filayen unguwa, daga Yelwa har Wunti. Yaro ɗan shekara goma ya iya salon da ya gani a waya, amma ka ce ya ja ƙwallo daga tsakiyar fili zuwa raga da gudu, sai ta tsere masa tun taku na uku, ko ya tafi kansa a sunkuye har ya yi karo da mutum. Tafiya da ƙwallo ita ce tushe, kuma ba ta da farin jini don ba a yi mata tafi. Ana taɓa ƙwallon kaɗan-kaɗan, kada ta wuce taku ɗaya daga ƙafa in akwai mutum kusa. A sake ta ta yi nisa in fili ya buɗe. Cikin ƙafa na juyawa ne, bayan ƙafa na gudu, tafin ƙafa na tsayarwa da janyewa baya. Filinmu na jar ƙasa, da tsakuwarsa da kwazazzabansa, yana sa ƙwallo tsalle inda ba a zata ba, don haka yaron da ya saba riƙe ta a nan ba ya shan wuya in ya hau ciyawa.

Koci ba ya bukatar sayen kaya. A jera duwatsu ko takalma shida, taku biyu tsakaninsu, yaro ya ratsa da ƙafar dama, ya dawo da ta hagu, koci ya tsaya can gaba yana ɗaga yatsu, yaron yana faɗin nawa ne, don dole ya ɗaga kai. Sai hakan ya zauna sannan a sa masa mutum. Ya tunkare shi a hankali, ya karkata kafaɗa gefe ɗaya kamar can zai bi, da mai tsaron ya ɗaga ƙafa sai ya tura ƙwallon ɗaya gefen ya fizga da gudu. Fizgar nan ta ƙarshe ita yara suka fi mantawa, shi ya sa za ka ga wanda suka wuce ya sake cim musu, su sake tsayawa yankan mutum ɗaya sau uku alhali abokin wasansu yana bakin raga shi kaɗai yana ɗaga hannu.