Dalilin da ya sa ake cin tarar mai kwalekwale a Minnesota kan ragowar ruwa

A jihar Minnesota ta Amurka, idan jami'i ya tsayar da kai kana jan kwalekwalenka da mota, ya tarar ba ka cire matoshin da ke tsiyaye ruwan cikinsa ba, tarar dala 100 ta hau kanka. Ko da kwalekwalen a bushe yake ƙayau, sai ka biya. Wannan doka na cikin babi na 84D na dokokin jihar, kuma ma'aikatar kula da albarkatun ƙasa, wadda ake kira DNR, ce ke aiwatar da ita.

Abin da ake gudu shi ne makankarin zebra, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu da zane-zane a baya, wadda yawanci girmanta kamar na farce ne. Asalinta yankin Baƙin Teku ne da Tekun Kasfiya. Manyan jiragen ruwa ne suka kwaso ta cikin ruwan da suke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi. A 1988 aka fara ganin ta a tafkin St. Clair da ke kan iyakar Amurka da Kanada, a 1989 kuma ta ɓulla a tashar jiragen Duluth da ke Minnesota. Mace guda kan saki ƙwai har miliyan ɗaya a shekara. Idan suka girma sai su manne wa duk wani abu mai tauri, su hau kan juna har su toshe bututun gidan ruwa da na tashar lantarki, su tace abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai, ɓawonsu kuma ya riƙa yankan ƙafar masu wanka.

Wajen 'ya'yan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ne dokar ta samo tsananinta. Ido ba ya ganin su. Sukan yi makonni suna yawo cikin ruwa kafin su sami wurin mannewa. Saboda haka ɗan ruwan da ya kwanta a ƙasan kwalekwale, ko a bokitin da masunci ya zuba ƙananan kifayen da yake sa wa ƙugiya, ko a cikin inji, ya isa ya kai su wani tafki. Jami'in da ke bakin hanya ba shi da yadda zai gane ruwan da ke ɗauke da su, shi ya sa aka hana ɗaukar ruwan kwata-kwata. A ganina wannan ne sashen dokar da ya fi hikima, domin bai bar ƙofar gardama tsakanin jami'i da mai kwalekwale ba: matoshi na ciki ko yana waje, shi ke nan.

Kafin mutum ya bar bakin tafki, dole ya cire duk ciyawar ruwa da makankarin da ke jikin kwalekwale da tirelar jansa, ya tsiyaye ruwa, ya bar matoshi a cire har ya isa inda za shi. Ragowar kifayen ƙugiya a shara ake zuba su, haramun ne a sake su cikin ruwa. Wanda aka kama ɗauke da makankarin kansa zai biya dala 500, kuma tarar na ninkuwa ga wanda ya sake aikatawa. Akwai masu dubawa a mashigin tafkuna da yawa. Wanda ya ƙi yarda a duba, suna da ikon hana shi sa kwalekwale a ruwa.

Dandamalin da ake kafawa a bakin ruwa da na'urar ɗaga kwalekwale sai sun yi kwana 21 a bushe kafin a kai su wani tafki, saboda suna daɗewa a ruwa kuma suna da lunguna da yawa. Masu sana'ar kafa su da cire su kuwa sai sun yi horo sun karɓi izini.

A lura, wanke kwalekwale da ruwan zafi da shanya shi kwana 5 shawara ce ta DNR ga kowa, ba ta cikin abin da ake cin tara a kai. Amma babban makankari na iya rayuwa kwanaki a wajen ruwa idan akwai danshi, don haka shawarar ba ta wasa ba ce.

Idan kuma sun riga sun shiga fa? DNR na sa tafkin cikin jerin ruwayen da suka kamu, a kafa alluna a mashigai, a taƙaita ɗibar ruwa da kamun kifayen ƙugiya daga cikinsa. Akan gwada kashe su da magani idan an gano su da wuri a ɗan ƙaramin wuri. A 2014 an yi haka a tafkin Christmas: aka killace gefen mashigi, aka zuba wani magani mai suna Zequanox, sannan maganin tagulla, sannan fotash. Waɗanda ke cikin killacen sun mutu, amma a 2015 aka sami wasu a wajensa. A 2014 jihar ta kafa dokar raba wa gundumominta dala miliyan 10 duk shekara don rigakafi, kuma kaso mai yawa na tafiya ne ga albashin masu dubawa a bakin tafkuna.