Wai son kai ne? Yadda ake rabon duti a motar asibiti a Amurka

Duk lokacin da aka zo rabon duti sai ƙorafi ya tashi tsakanin sabbin ma'aikatan motar asibiti a Amurka, wai oga na ba 'yan gaban goshinsa dutin rana yana jibga wa sabbi na dare, wasu har cewa suke ai wannan wariya ce doka ta hana, kawai a tafi kotu. Jama'a a bi a hankali. A yawancin wuraren da ke da ƙungiyar ƙwadago oga ba shi da hannu a rabon nan, jerin suna ake bi.

Sau ɗaya ko biyu a shekara, gwargwadon abin da yarjejeniyar ƙungiya da ma'aikatar ta tanada, ake baje duk dutin da ake da shi, na awa 12 ne, na awa 24 a huta 48 ne, tasha kaza mota kaza. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ke fara ɗauka, sai mai bi masa, a haka har a gangaro kan wanda aka ɗauka bana, shi kam abin da aka bari shi ne rabonsa, galibi dare da Asabar da Lahadi da ranakun biki. Babu dokar tarayya da ta wajabta haka, yarjejeniya ce ko ƙa'idar wurin aiki, shi ya sa abin da abokinka na wani gari ya faɗa maka ba lallai ya yi daidai da naku ba. Tsarin ya haɗa da EMT, wato ma'aikacin motar asibiti mai horon matakin farko, da faramedik, wanda ya fi shi zurfin horo, a wasu wuraren har da masu amsa kiran 911, lambar neman agajin gaggawa.

Maganar abokin aiki ma mutane sun juya ta. Galibi kujera kake zaɓa a mota, wanda ya ɗauki ɗaya kujerar shi ne abokinka ko jininku ya haɗu ko bai haɗu ba. Kuma motar da ke ɗauke da kayan ceto na manyan larurori sai da faramedik aƙalla ɗaya a ciki, don haka komai daɗewar EMT ba zai hau kujerar faramedik ba.

Inda aka fi rikicewa shi ne wace daɗewar ake lissafawa. Akwai ta ranar da aka ɗauke ka aiki, akwai kuma ta ranar da ka hau muƙamin da kake kai. A ce mutum ya yi shekara 8 yana EMT, ya daure ya koma makaranta ya zama faramedik, to idan yarjejeniyarsu ta muƙami take bi sai ya tsinci kansa a ƙasan jerin faramedik, bayan wanda ya shigo bara da takardarsa a hannu, alhali wajen lissafin kwanakin hutu shekarunsa 8 na nan. Ba wanda ya cuce shi a ɓoye, rubuce yake tun kafin ya fara karatun. Ni dai wannan sashen bai taɓa kwanta min ba, don yana sa mutum ya yi ta jan ƙafa wajen ƙaro ilimi saboda tsoron komawa dare.

To batun kotu fa? Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ita ce ta haramta wariya a wurin aiki, ita da kanta ta halasta tsarin daɗewa matuƙar ba don a ware wasu aka ƙirƙiro shi ba. Masu cewa ai addini ya ba su damar tsallake layi don samun Juma'a su dubi shari'ar Hardison ta 1977, ma'aikacin kamfanin jiragen TWA da ba ya aiki ranar Asabar saboda aƙidarsa, Kotun Ƙoli ta ce ba a tilasta wa kamfani karya tsarin daɗewa dominsa. Shari'ar Groff ta 2023 ta ƙara matsa wa ma'aikatu su nemo wa mai ibada mafita da gaske, amma ba ta taɓa ɓangaren tsarin daɗewa ba. Abin da ya rage maka shi ne musanya da wanda ya yarda, kuma kana da damar neman ma'aikata ta taimaka maka wajen samo shi, sai dai a yi shi a rubuce, in ba haka ba ranar da mutumin bai zo ba kai za a rubuta wa fashin aiki.

Sannan a kula da lokacin zaɓe. Wurare da dama 'yan mintoci suke ba kowa, in ka makara ba ka kuma wakilta wani ba sai a wuce ka, ka koma tsintar abin da aka bari komai shekarunka. Aikin ƙarin lokaci na tilas kuwa sau da yawa daga ƙasa ake farowa, sabo ne farkon wanda za a riƙe in mota ta rasa mutum, kuma ƙin zama na iya jawo takardar gargaɗi.

Gaskiya tsarin ya fi a bar wa oga ya raba yadda ransa ke so, don kowa na iya duba jerin ya ga matsayinsa. Abin da ke damuna shi ne idan tsofaffin hannu duk sun kwashe rana, sabo da sabo ake haɗawa a mota ɗaya ƙarfe 3 na dare, lokacin da babu kowa kusa da za a tambaya. Ma'aikatun da ke hana sabon shiga haɗuwa da sabon shiga har sai ya gama watannin gwaji sun yi daidai, ya kamata sauran ƙungiyoyi su sa wannan sharaɗin a yarjejeniyarsu ta gaba.