Aikin masanin halayya ya wuce ba da haƙuri

Mutane da yawa sun ɗauka masanin halayyar ɗan Adam mai kula da ciwon fargaba sauraro kawai yake yi, ya ba ka haƙuri, ya ce ka rage tunani. Ba haka ba ne. Kuma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne.

Horo yake bayarwa, galibi zama ɗaya a mako, na kusan awa guda, tsawon mako 12 zuwa 20. A ce mace ce mai tsoron shiga lif. Sai su jera abubuwan da ke firgita ta, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Ta fara da tsayawa a bakin lif, sannan ta shiga ƙofa na buɗe, sannan ta hau bene ɗaya, tana maimaita kowane mataki har gabanta ya daina dukan uku-uku.

Gudu ne ke ɓata aikin. In ta fice tsoro na tsakiyar cinta, sauƙin da ta samu nan take zai koya wa ƙwaƙwalwarta cewa gudun ne ya cece ta, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Haka ma in kullum sai ta ƙanƙame hannun wani kafin ta shiga.