Zazzaɓin Cizon Sauro Mai Bijire wa Magani

Ana cewa zazzaɓin cizon sauro ya bijire wa magani idan ƙwayar cutar, musamman nau'in Plasmodium falciparum, ta ci gaba da rayuwa a jini duk da an sha maganin yadda ya kamata. Mutane kan ce "jikina ya saba da maganin", alhali ba jikin ba ne ya saba. Ƙwayar cutar ce ta sauya halitta, sauro kuma ya ɗauke ta ya kai wa wani.

Kulorakwin na cikin magungunan da suka fara faɗuwa. A ƙarshen shekarun 1950 aka ga ya daina aiki a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, a 1978 matsalar ta bayyana a Gabashin Afirka. Fansidar da ya gaje shi bai daɗe ba shi ma ya bi sahu. Najeriya ta daina amfani da kulorakwin a matsayin maganin farko a 2005.

Abin da ake dogaro da shi yanzu shi ne haɗin magunguna biyu da ake kira ACT. Na farkon daga artemisinin yake, sinadarin da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga wani tsiro a 1972, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Maganin yana karkashe ƙwayoyin cutar da sauri, amma cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki. Abokin haɗinsa, kamar lumefantrine ko amodiaquine, shi ke daɗewa ya share ragowar. Artemether-lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem, sau shida ake shan sa cikin kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya tsotse shi sosai. A nan ake yawan yin ɓarna: zazzaɓi ya sauka a kwana na biyu, sai a ajiye sauran maganin a ƙarƙashin matashi don wata rana. Ƙwayoyin cutar da suka tsira a jinin mai irin wannan shan, masu taurin kan ne. Jabun magani da shan magani ba gwajin jini su ma suna taimaka musu.

Idan ciwon ya yi tsanani, har da suma ko jijjiga, allurar artesunate ake yi na aƙalla sa'a 24, sannan a cike da ACT na kwana uku.

Shi ma artemisinin bai tsira ba. A 2008 aka ba da rahoton jinkirin aikinsa a yammacin Kambodiya, a 2014 masana suka danganta hakan da sauyi a wata ƙwayar gado ta ƙwayar cutar da ake kira kelch13. Daga baya an tabbatar da irinsa a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Wannan bijirewar ba cikakkiya ba ce: ACT na warkarwa matuƙar abokin haɗin na da ƙarfi. Da piperaquine, wani abokin haɗin, ya gaza a Kambodiya, sai aka koma haɗin artesunate da mefloquine. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tunkarar matsalar a Afirka, ana kuma gwada haɗin magunguna uku.

Bijirewa na iya ja da baya: Malawi ta janye kulorakwin tun 1993, bayan kimanin shekara goma sai aka tarar ƙwayoyin cutar can sun koma jin sa.