Darasin ƙirar jikin ɗan Adam a kwalejojin al'umma na Amurka

Darasin ƙirar jikin ɗan Adam, wanda aka fi sani da anatomi, darasi ne na share fage da kwalejojin al'umma na Amurka ke koyar da masu niyyar shiga aikin lafiya. Ilimi ne na sanin ginin jiki: ƙasusuwa, tsoka, jijiyoyi da kayan ciki, da inda kowanne yake zaune kusa da ɗan'uwansa. A yawancin kwalejoji ana gama shi da fisiyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓi ke aiki, a raba su zango biyu. A wasu kuma, musamman a jihar Kalifoniya, kowanne zaman kansa yake yi. Mai neman gurbin karatun jinya, ko gashin ƙashi, ko ɗaukar hoton asibiti, ko kula da haƙora, ba kasafai ake duba takardunsa ba sai ya ci wannan darasi.

Kwalejin al'umma

Kwalejin al'umma makarantar gaba da sakandare ce ta shekara biyu, galibi mallakar jiha ko gunduma. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma kusan duk wanda ya gama sakandare ana karɓarsa. Wadda aka saba ƙirgawa a matsayin mafi daɗewa cikin na gwamnati ita ce Kwalejin Joliet da ke jihar Ilinoi, wadda ta fara a 1901 da ɗalibai 6, da ƙoƙarin J. Stanley Brown da William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago na lokacin. Sunan "kwalejin al'umma" ya bazu ne bayan rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947. A shekarun 1960 aka yi ta buɗe sababbi, yau kuma adadinsu ya kai kimanin 1,000.

Abin da ya ba anatomi muhimmanci a waɗannan makarantu shi ne ƙarancin ma'aikatan jinya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wata malama a Jami'ar Kolumbiya, Mildred Montag, ta ba da shawarar a riƙa horar da nas cikin shekara biyu a kwaleji maimakon shekara uku a makarantar asibiti. An fara gwada tsarin a 1952, ya kuma karɓu. Daga nan anatomi ya zama darasin da ajinsa ke cika da wuri, har ana rubuta sunayen masu jiran gurbi.

Tarihin ilimin

Abin da ake koyarwa cikin mako 15 ko 16 an ɗauki fiye da shekara 2,000 ana tara shi, kuma babban abin da ya riƙa jinkirta shi shi ne samun gawar da za a feɗe. Masu tarihi na danganta fiɗar gawar mutum ta farko don neman ilimi ga Hirofilus da Irasistaratus a birnin Iskandariyya na Masar, wajajen farkon ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Hirofilus ya bambanta jijiyoyin saƙo da na jini, ya kuma ce ƙwaƙwalwa ce mazaunin hankali. Wasu marubuta na baya sun zarge su da feɗe fursunoni da ransu. Masana ba su haɗu a kan wannan ba. Bayan Hirofilus da Irasistaratus aikin ya mutu na tsawon ƙarnoni.

Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2 miladiyya, shi ne ya mamaye fagen. Tun da ba a yarda ya feɗe mutum ba, sai ya feɗe birai da aladu da shanu, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam. Da yawa ya dace, wasu kuma bai dace ba. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, ya kuma ce akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu, waɗanda jini ke ratsawa. An yi sama da shekara 1,000 ana karanta waɗannan kurakurai ba tare da an ja da su ba.

Cikin waɗanda suka fara ja akwai malaman duniyar Musulunci. Abdullaɗif al-Bagadadi ya ga tarin ƙwarangwal a Masar lokacin wata yunwa wajajen shekarar 1200, ya duba ƙoƙunan kai masu yawa, ya tabbatar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne. Ibnun Nafis, haifaffen yankin Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta sharhi a kan sashen ƙirar jiki na littafin Ibnu Sina wajajen 1242, inda ya musanta kafofin Jalinus, ya ce jini daga ɓangaren dama na zuciya yake zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Wannan bayani nasa bai shahara a Turai ba sai da aka sake gano rubutun a 1924.

A Italiya aka dawo da fiɗar mutum cikin karatun jami'a. Mondino de Luzzi na Bolonya ya rubuta jagorar fiɗa a 1316. Tsarin wancan zamani yana da ban mamaki: malami na zaune a kujera mai tsawo yana karanta Jalinus, wanzami na ƙasa yana yanka, wani kuma na nuni da sanda. In gawa ta saɓa wa littafi, littafin ake bi. Andiriyas Vesaliyus, haifaffen Burasels a 1514, shi ya sauko daga kujerar ya riƙe wuƙa da hannunsa a Jami'ar Padua. Littafinsa mai kashi bakwai a kan ginin jikin mutum, wanda aka buga a Basel ta Suwizalan a 1543 da zane-zane na ƙwararru, ya gyara kurakuran Jalinus masu ɗimbin yawa, kuma daga shi ake ƙirga anatomin zamani. A Padua ɗin ne William Harvey ya yi karatu, shi da ya bayyana zagayawar jini a 1628.

Matsalar gawa ba ta ƙare ba. A Birtaniya dokar 1752 ta ba likitoci gawar masu kisan kai da aka rataye, amma ba ta isa makarantu ba, sai sana'ar tonon kabari ta kunno kai. A Edinbara a 1828, William Burke da William Hare sun kashe mutum 16 suna sayar da gawarwakin ga malamin anatomi Robert Knox. An rataye Burke a Janairun 1829, aka feɗe shi a bainar jama'a, kuma ƙwarangwal ɗinsa na nan a Jami'ar Edinbara. Dokar 1832 ta halatta amfani da gawar da ba wanda ya zo nema, wanda a aikace yana nufin gawar talakawa. A Amurka ma haka aka yi fama: a 1788 mutanen Niyok sun yi tarzoma a kan ɗaliban likita masu satar gawa, kuma maƙabartun baƙaƙen fata da na matalauta ne aka fi yi wa ɓarna. A 1989 ma'aikatan gini sun tono dubban ƙasusuwa a ƙarƙashin tsohon ginin Kwalejin Likitanci ta Jojiya, akasarinsu na baƙaƙen fata. Dokar bai-ɗaya ta kyautar jiki, wadda aka tsara a 1968 jihohi suka ɗauka, ita ce ta kafa tsarin da ake kai yanzu, inda mutum ke wasiyya da jikinsa tun yana raye.

Abin da ake karantawa

Ana farawa da tsayuwar ma'auni: mutum a tsaye, fuska gaba, hannaye a sake, tafin hannu na kallon gaba. Duk wani kwatance daga wannan tsayuwa ake yin sa, ko da gawar a kwance take rub da ciki, kuma dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Daga nan sai ƙwayar halitta, sai rukunin nama guda huɗu: na shimfiɗa mai lulluɓe fata da cikin hanji, na haɗi irin su ƙashi da guringuntsi da jini, na tsoka, da na jijiyar saƙo.

Zango na farko yakan ɗauki fata, ƙasusuwa, gaɓɓai, tsoka da tsarin jijiyoyin saƙo. Baligi yana da ƙashi 206. Jariri ya fi haka yawa, domin wasu sai daga baya suke haɗewa. Mafi tsawo shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta yana cikin kunne. Haddace sunan ƙashi ba ya wadatarwa, sai an san kowane tudu da rami da kafa da ke jikinsa, da abin da ke bi ta cikin kafar. Tsokoki sun haura 600, ana zaɓar wasu a koyi inda kowace ta taso, inda ta maƙale, aikinta, da jijiyar da ke motsa ta. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, na laka tagwaye 31.

Zango na biyu na kayan ciki ne: zuciya da jini, huhu, hanji da hanta, ƙoda, ƙwayoyin garkuwa, sinadaran jiki da gaɓoɓin haihuwa.

Sunaye

Sunayen na Latin da Girkanci ne, kuma a ƙarni na 19 sun yi yawan da gaɓa ɗaya kan samu suna da dama. A 1895 masana suka taru a Basel suka tace su. Kundin da ake bi yanzu ya fara fitowa a 1998, yana ɗauke da kalmomi kimanin 7,500, kuma ya fi son sunan da ke kwatanta abu a kan sunan wanda ya gano shi, ko da yake likitoci ba su daina amfani da tsofaffin ba. Harafi ɗaya na iya sauya wuri gaba ɗaya: ileum ƙarshen ƙaramin hanji ne, ilium kuwa ƙashin ƙugu ne. Saboda irin wannan ne malamai da yawa ke rage maki a kan kuskuren rubutu.

Ɗakin gwaji da jarrabawa

A al'ada ana yin kimanin awa uku na lacca da awa uku na ɗakin gwaji a mako, kuma akwai ajin dare da na Asabar saboda ɗalibai da yawa ma'aikata ne masu iyali. Gawar mutum tana da tsadar ajiya da dokoki masu tsauri, don haka ba kowace kwaleji ke da ita ba. Inda ake da ita, yawanci ƙwararre ne ya riga ya feɗe, ɗalibai su duba. Sauran wuraren da sassan dabbobi ake aiki: ƙwaƙwalwa da zuciyar tunkiya, idon saniya, ɗan tayin alade, wani lokaci kyanwa. Ana adana su da sinadarin fomalin, wanda aka gano amfaninsa wajen daskarar da nama a 1893. Warinsa na sa ido ƙwalla, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin masu haddasa ciwon daji a 2004, abin da ya sa ake ƙara komawa ga wasu sinadarai.

Jarrabawar aiki ita ce wadda ɗalibai suka fi tsoro. Ana jera tebura, a kan kowanne akwai ƙashi, ko gunkin roba, ko yankin nama da aka soka wa allura mai lamba, ko madubin likita da aka riga aka saita. Ɗalibi na da minti ɗaya ko biyu ya rubuta sunan abin da allurar ta nuna, ƙararrawa ta buga, kowa ya matsa gaba, kuma sau da yawa ba a komawa baya. Ƙashin tsintsiyar hannu, ɗaya daga cikin guda 8, in aka ajiye shi shi kaɗai aka juya shi, bai kama da zanen littafi ko kaɗan. Wanda ya yi karatu da hoto kawai bai taɓa juya ƙashin a hannunsa ba, a nan ake gane shi. Shirye-shiryen jinya da yawa suna kafa mafi ƙarancin makin da za su karɓa, suna iyakance yawan maimaici, wasu ma ba sa karɓar sakamakon da ya wuce wasu shekaru. Faɗuwa da janyewa daga darasin abu ne da malamai suka daɗe suna kokawa a kai, kuma ƙungiyar malaman fannin da aka kafa a 1989 ta fitar da jerin abubuwan da ya kamata ɗalibi ya iya, da jarrabawa ta bai-ɗaya.

Kayan koyarwa

Ƙwarangwal na gaske da ke rataye a tsofaffin ɗakunan gwaji, da yawansu daga Indiya aka sayo su, musamman ta birnin Kolkata, kafin gwamnatin ƙasar ta hana fitar da su a 1985. Na roba ne suka maye gurbinsu. A 1977 Gunther von Hagens na Jamus ya ƙirƙiro hanyar cire ruwa da kitsen nama a cusa roba, ta yadda gaɓa za ta daɗe ba wari. A 1994 Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa na Amurka ya fitar da hotunan gawar wani namiji da aka daskarar aka yayyanka kaurin milimita ɗaya-ɗaya, ta mace ta biyo baya a 1995. Irin waɗannan hotuna ne suka buɗe hanyar manhajojin fiɗa na kwamfuta. Tun 2013 akwai littafin darasin kyauta a intanet daga shirin OpenStax na Jami'ar Rice, kuma annobar korona ta 2020 ta tura azuzuwa da yawa intanet na wani lokaci.

Saɓani

Malamai sun rabu a kan ko manhaja za ta iya maye gurbin fiɗa ta hannu, kuma wasu makarantun jinya ba sa karɓar aikin gwajin da aka yi ta intanet. Masu kare haƙƙin dabbobi na adawa da feɗe kyanwa da alade. Amfani da gawar da ba a zo nema ba har yanzu halas ne a jihohi da dama, ko da yake wasu makarantu sun daina karɓa.